Daga takardar izini zuwa kwalbar kaki: yadda muka kafa gwajin tarin fuka da ƙirƙirarriyar basira

Duk cibiyar lafiyar da ke shirin sayo na'urar hoton ƙirji ta tafi-da-gidanka, mai haɗe da manhajar ƙirƙirarriyar basira, don ta shiga gari neman masu tarin fuka, ga yadda tamu ta kasance tun daga takardar farko, ko Allah zai sa wani ya tsallake ramukan da muka faɗa. Dalilin shiga aikin a bayyane yake. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kusan mutum rabin miliyan ke kamuwa da tarin fuka duk shekara a Najeriya, kuma da yawansu ba sa zuwa asibiti. Binciken gida-gida da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna kusan rabin waɗanda aka samu da ƙwayar cutar ba su yi kukan tari ba ko kaɗan, wato tambayar "kana tari?" ita kaɗai ba ta kama su. Hoton ƙirji yana kama su, amma likitocin da suka ƙware a karanta hoto 'yan kaɗan ne, kuma a manyan birane suke. A watan Maris na 2021 hukumar ta amince a yi amfani da manhajar kwamfuta a madadin idon mutum wajen tace hotunan 'yan shekara 15 zuwa sama. Manhajoji irin su CAD4TB da qXR da Lunit duk aikinsu ɗaya: su duba hoton cikin ƙasa da minti guda, su ba shi maki, su shafa launi a inda suke zargi a huhu. CAD4TB daga 0 zuwa 100 take ba da nata makin. Makin ba ya cewa mutum na da cutar. Abin da yake cewa shi ne wa ya kamata a karɓi kakinsa a kai ɗakin gwaji.

Kuskurenmu na farko shi ne da mai sayar da na'ura muka fara zama, alhali ofishin shirin yaƙi da tarin fuka da kuturta na ma'aikatar lafiya ta jiha ya kamata mu fara sallama. Da muka je daga baya, da wasiƙar neman haɗin gwiwa da takardar rajistar ƙungiyarmu da bayanin aikin cikin shafi uku, ba wanda ya tambaye mu ƙarfin manhaja. Tambayoyi uku aka yi mana: wane ɗakin gwaji ne zai karɓi kakin, wa zai kai shi, kuma wace cibiyar ba da magani za ta karɓi wanda aka samu da cutar. Ba mu da amsar ko ɗaya. Sai da muka koma muka zauna da jami'in tarin fuka na kowace ƙaramar hukumar da muke son shiga, muka rubuta sunan kowane ɗakin gwaji mai na'urar GeneXpert, wadda ke gano ƙwayar tarin fuka a cikin kaki, da nisansa daga garuruwan, da yawan gurabun saka samfur na na'urar da ke aiki a lokacin, ba waɗanda ke rubuce a takarda ba. Wannan zagayen ya ci mana mako uku, ga jiran sa hannu a yarjejeniyar aiki tare. A nan ne kuma aka ba mu rijistar waɗanda ake zargi da cutar da fom ɗin tura samfur na ƙasa. A karɓe su, a yi aiki da su. Duk mutumin da kuka gano amma bai shiga rijistar gwamnati ba, a lissafin ƙasa ba a gano shi ba, kuma ta wannan rijistar ce ake ware maganinsa na kyauta.

Mataki na biyu izinin na'urar ne. Komai ƙanƙantarta, ko da a jakar goyo ake ɗaukarta, na'ura ce mai fitar da radiyeshin, saboda haka tana ƙarƙashin Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Najeriya, NNRA. Izinin shigo da ita daban, izinin aiki da ita daban. Takardun da muka haɗa sun ƙunshi cikakken bayanin na'urar da lambarta, da sunan wanda zai zama jami'in kariya daga radiyeshin, da rubutaccen tsarin kariya, da shaidar cewa mai ɗaukar hoton yana da rajista da hukumar masu ɗaukar hoton asibiti ta ƙasa, da yarjejeniya da wurin da zai riƙa karanta bajen auna radiyeshin da ma'aikata ke maƙalawa a riga. Mu muka jawo wa kanmu jinkiri a nan, don tsarin kariyar da muka fara rubutawa na ɗaki ne mai bango, alhali mu a farfajiyar makaranta da gindin bishiya za mu yi aiki. Dole aka sake shi, aka nuna tazarar da za a killace da igiya, da inda mai ɗaukar hoto zai tsaya da rigar dalma, da kuma cewa bayan faifan da ke ɗaukar hoton bango ne ko fili, ba layin mutane ba. A nemi jadawalin kuɗin izini a rubuce tun farko a sa a kasafi, haka kuma a nemi mai sayarwa ya nuna shaidar rajistar kayansa da NAFDAC kafin a biya shi ko sisi.

Yarjejeniya da kamfanin manhajar ita ce takardar da ta fi cancantar a karanta da fensir a hannu. Kuɗin na'ura sau ɗaya ake biya, na manhaja kuwa ba ya ƙarewa: wasu kamfanonin kan kowane hoto suke caji, wasu lasisin shekara. Idan kan hoto ne, a tambaya ko hoton da aka sake ɗauka saboda na farko ya lalace shi ma ana lissafa shi, don a makonnin farko irinsu suna da yawa. Mun dage sai da aka rubuta abu huɗu. Manhajar ta yi aiki ba tare da intanet ba, a cikin ɗan akwatin da ke tafiya da na'urar, don a ƙauyukan da muke zuwa ko kiran waya sai an hau tudu. Hotunan namu ne, kuma za mu iya kwashe su a tsarin DICOM, wato tsarin bai-ɗaya na ajiye hotunan asibiti, duk lokacin da muka ga dama. Ba za a sabunta manhajar ba sai an sanar da mu a rubuce. Sannan a faɗi ƙasar da rumbun ajiyar bayanan yake, da wanda ke da ikon buɗe shi. Na ƙarshen ba ƙa'idar son rai ba ce, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman. Mun tsara cewa duk hoton da zai bar akwatin zuwa rumbu lamba kawai yake ɗauke da ita, suna da lambar waya suna nan a rijistarmu. Takardar amincewa kuma da Hausa muka rubuta ta, ana karanta wa wanda ba ya karatu, ya dangwala.

Haɗa na'ura da horar da ma'aikata bai wuce mako guda ba. Abin da za a lura da shi kawai wuta ne: batirin bututun hoto, wato ɓangaren da ke fitar da radiyeshin, da na faifan, da na kwamfuta, kowanne da nasa lokacin mutuwa, kuma idan bututun ya yi zafi da rana tsaka sai an bar shi ya huce. Batir na biyu da faifan sola ko ƙaramin janareta ba kayan alatu ba ne.

Inda aikin gaske yake shi ne zaɓen makin da za a yanka a kai, wato daga maki nawa ne za a ce mutum ya ba da kaki. Na'urar takan zo da wata lamba da kamfani ya saka, kuma yawancin masu farawa a kanta suke tafiya ba tare da sun san zaɓi ne ba. Ita Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da lamba ɗaya ga kowa ba, cewa ta yi kowane shiri ya daidaita tasa da mutanen da yake dubawa. Ga lissafin da ya buɗe mana ido. Mafi ƙarancin abin da hukumar ta nema daga gwajin tacewa a ma'auninta na 2014 shi ne ya kama kashi 90 cikin 100 na masu cutar, ya kuma wanke kashi 70 cikin 100 na marasa ita. A ce ka ɗauki hoton mutum 1,000 a garin da mutum 10 daga cikinsu ke da cutar. Manhajar za ta nuna 9 daga cikin goman, ta kuma nuna 297 daga cikin sauran 990 da ba su da komai. Kaki 306 ke nan za ka kai gwaji don ka samu mutum 9. Kwanson gwajin GeneXpert, wanda ake zuba kakin mutum ɗaya a ciki, a farashin da aka sauke a 2023, dala 7.97 ne kowanne, wato sama da dala 2,400 ta tafi, ban da man babur da lokacin ma'aikacin ɗakin gwaji. Ka ɗaga makin, kwanso ya ragu, amma wani mai cutar ya koma gida da murna an ce huhunsa lafiya, ya ci gaba da kwana ɗaki ɗaya da 'ya'yansa. Ka sauke makin, ɗakin gwaji ya cushe, kaki ya ruɓe a layi, wanda ke da cutar ma bai samu sakamako ba. Wannan hukunci ba na injiniya ba ne, kuma ba na kamfani ba ne. Na masu shirin ne, su zauna da mutanen ɗakin gwaji da ofishin jiha su yanke, su rubuta dalili.

Yadda muka yi shi ne, a makonni shida na farko muka sauke makin ƙasa da gangan, muka kuma karɓi kakin duk mai alamar cutar komai ƙanƙantar makinsa: tarin mako biyu, zazzaɓi, gumin dare, rama. Muka jera sakamakon gwaji kusa da makin kowa, daga ƙarami zuwa babba, muka duba a ina masu cutar suka taru, da kuma nawa za mu rasa a kowace lamba idan muka yanka a nan. Sai muka rarraba jerin gida-gida, kuma a nan ne muka ga lamba ɗaya ba ta isa ba. Wanda ya taɓa yin tarin fuka ya warke, tabon huhunsa na nan, manhaja kan ci gaba da ba shi maki mai yawa. Tsofaffi ma makinsu kan hau. Masu fasa dutse da masu haƙar ma'adinai, waɗanda ƙurar dutse ta cinye huhunsu, hotonsu kan yi kama da na tarin fuka, kuma su ɗin dai suna cikin waɗanda suka fi haɗarin kamuwa da shi, don haka ba a yi musu ragi. Masu ɗauke da HIV kuwa akasin haka ne, cutar na iya zama a jikinsu hoton ya fito kusan tas, shi ya sa duk mai HIV da ke da alama muke karɓar kakinsa ko da makinsa ya yi ƙasa. Tambayar "ka taɓa shan maganin tari na wata shida?" dole ta shiga fom kafin hoto, ba bayansa ba.

Kafin fita ta farko mun kai gaisuwa wurin hakimi tare da jami'in tarin fuka na ƙaramar hukuma, ya haɗa mu da dagatai da masu unguwanni, aka yi sanarwa a masallatai ranar Juma'a. Wani dagaci ya yi tambayar da ta fi duk wadda aka yi mana a ofis: "To, in injin ya ce mutum na da ita, nan take za a ba shi magani?" Muka ce, "Ranka ya daɗe, injin nuni kawai yake yi, sai an gwada kaki." Ya ce to mu faɗi haka a bainar jama'a, don kada a fara nuna mutum da baki a kasuwa. Tun daga ranar muka juya fuskar kwamfutar daga layi, kuma ba a faɗin maki da ƙarfi.

Ranar aiki tashoshi huɗu ne: rajista da tambayoyi, hoto, karɓar kaki, sai teburin ma'aikacin jinya. A wurin hoto mutum ya manna ƙirjinsa da faifan, ya ɗora bayan hannuwansa a ƙugu, ya turo kafaɗu gaba, ya ja numfashi ya riƙe. Abin da ya fi ɓata mana hoto a farko ba na'ura ba ce, kayan jiki ne. Laya da aka rataya a wuya ta kwanta a kan ƙirji, carbi a aljihun gaba, waya, makulli, allurar hijabi, sarƙa, ƙarfen rigar mama, har jelar kitso mai kauri da ta sauko gadon baya, duk suna fitowa a matsayin inuwa a kan huhu, manhaja kuma ta ba inuwar maki. Akwai dattijon da makinsa ya yi sama sosai, launi ya taru a wuri guda mai kusurwa huɗu. Mai ɗaukar hoto ya dubi siffar ya ce, "Baba, ko akwai wani abu a cikin rigar?" Ya zaro laya ɗinke da fata. Aka sake hoto, maki ya faɗo. Cuta ba ta yin kusurwa huɗu, amma manhaja ba ta san haka ba, mai ɗaukar hoton ne ya sani. Daga nan muka tanadi labule da riguna marasa maɓalli, da ma'aikaciya mace da ke tsayawa tare da mata, ita ce kuma ke tambayarsu a asirce ko da juna biyu. Yara 'yan ƙasa da shekara 15 ba ma bin makin manhaja a kansu, likita muke tura wa.

Karɓar kaki ya fi ɗaukar hoto wuya nesa ba kusa ba. Mutum da yawa da makinsu ya hau ba sa tari, sai su miƙo maka yawu. Ana buƙatar aƙalla mililita ɗaya na abin da ya fito daga ƙirji. Sai an kai mutum gefe a fili, iska na kaɗawa daga bayan ma'aikaci, ya kurkure baki da ruwa, ya ja dogon numfashi sau uku, sannan ya kakaro. Da farko mukan ba wanda ya kasa kwalba ya tafi da ita ya kawo na asuba, sai muka ga da yawa ba sa dawowa. Yanzu ɗan sa-kai na unguwar ne ke bin su gida da sassafe. A rubuta lamba a jikin kwalba, ba a murfi ba, don murfi kan sauya. A karɓi lambar waya biyu da sunan mai unguwa da kwatancen gida. Kakin yana jure kwana uku ne kawai idan zafi bai wuce digiri 35 ba, a watan Afrilu kuwa ya wuce, saboda haka akwatin sanyi da ƙanƙara dole ne, mai babur kuma ya tashi kafin la'asar.

A mako na uku muka ci karo da bangon da ofishin jiha ya hango mana. GeneXpert mai gurbi huɗu, ko komai na tafiya daidai, samfur 16 ko kusa da haka take gamawa a yinin aiki, ga kuma marasa lafiyan asibitin da ke gabanmu a layi. A wani ɗakin gwajin gurbi biyu ne ke aiki, ƙurar hunturu ta toshe sauran. A wani kuma na'urar sanyaya ɗaki ta mutu, ita kuwa GeneXpert ba ta son zafin da ya wuce digiri 30, sai ta riƙa fitar da kuskure tana cinye kwanso. Mu kuma muna turo kaki arba'in a rana. Ranar da aka ce mana an zubar da samfur na kwana biyu don sun lalace, ba wanda ya iya cin abinci a cikinmu, don mun san fuskokin masu su, kuma mun yi musu alkawari. Gyaran da muka yi shi ne juya lissafin: kowace safiya a kira ɗakin gwaji a ji samfur nawa za su iya karɓa, wannan ne ke yanke yawan hoton da za a ɗauka a ranar, a kuma raba samfur tsakanin ɗakuna biyu.

Sai rukunin da ba wanda ya shirya musu: maki ya yi sama, gwajin kaki ya ce babu. Ba a sallamar su da "ba ka da komai". Mun samu likitan da ke duba hotunansu sau ɗaya a mako tare da tarihinsu. Wasu ya yanke cewa tarin fuka ne duk da gwajin, aka fara musu magani. Wasu limoniya ce, wasu zuciya ce ta kumbura, wasu kuma abin da ya gani ya sa aka tura su babban asibiti. Tun kafin a fara aiki ya kamata a san inda za a tura irin waɗannan da wanda zai biya kuɗin mota, don maganin tarin fuka ne kawai kyauta, na zuciya ba kyauta ba ne. Likitan kuma yana zaɓar wasu hotuna masu ƙaramin maki a makance ya duba, don ta nan ne kawai za a gane ko manhajar na barin wani abu yana wucewa.

Bayan wasu watanni kamfanin ya sanar da sabon zubin manhajar. Maki 60 na tsohon zubi ba lalle ya zama maki 60 na sabo ba. Da yake hotunanmu na hannunmu, muka sa aka bi da tsofaffin hotunan da muka san sakamakon kakinsu ta cikin sabon zubin, muka sake zaɓar lamba, sannan muka yarda aka sabunta. A rubuta zubin manhaja da makin yanka a saman kowane rahoton wata.

Amfanin da ya wuce na mutum ɗaya ya fara fitowa ne da muka ɗora waɗanda aka tabbatar a kan taswira, mazaɓa-mazaɓa. Akwai manhajojin da ke haɗa irin wannan da yawan jama'a da cunkoso da alƙaluman asibitoci su yi hasashen unguwar da cutar ta fi yawa, kuma suna rage yawon banza. Amma daga rijista suke koyo, rijista kuma ta fi cika a inda asibiti yake, don haka sukan mayar da kai inda aka riga aka sani, su manta da rugar da ba a taɓa gwada kowa ba. Mun ware kwana ɗaya a kowane mako don wuraren da taswira ta yi shiru a kansu: rugage, tashar mota, makarantun allo masu manyan ɗalibai, wurin fasa dutse.

Rahoton watanmu na farko yawan hotuna ne a samansa da manyan baƙaƙe. Yanzu layi bakwai ne a jere: waɗanda aka ɗauka hoto, waɗanda makinsu ya kai, waɗanda suka ba da kaki, waɗanda sakamakonsu ya dawo, waɗanda aka tabbatar, waɗanda suka fara magani, da waɗanda suka kammala wata shida, wata biyu na magani iri huɗu da wata huɗu na magani iri biyu. Duk inda lamba ta faɗi tsakanin layi biyu, can ake tura mutum da babur a wannan makon. A watan jiya muka ƙara layi na takwas, na mutanen gidan mai cutar da aka bi aka duba, da waɗanda aka ɗora a kan maganin rigakafi na sau ɗaya a mako har mako 12, kuma a layin nan ne giɓinmu ya fi faɗi a yanzu.